Sanin Tarihin Kakanni: Amsa Ga Wani Ɗan'uwa Daga Kibiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan mako za mu ɗan jingine bayanin zakkar amfanin gona da muka faro, domin mu amsa wata takarda da wani ɗan'uwa ya aiko mana daga ƙasar Kibiya. Mun ga ya kamata mu amsa ta a fili, don kuwa matsalar da ya kawo ta shafi gidaje da yawa a ƙasar nan.

Mai takardar ya ce kakan mahaifinsa manomi ne, ya rayu ya rasu a wani ƙauye tsakanin Kibiya da Rano, bai taɓa riƙe sarauta ba, ba a kuma san shi da malanta ba. Abin da ya rage na labarinsa a bakin mutanen gidansu abu uku ne kurum. Na ɗaya, yana ƙaramin yaro aka goya shi aka gudu da shi cikin dare saboda harin Ningawa. Na biyu, shi ya haƙa rijiyar da mutanen unguwarsu ke sha har yau. Na uku, yana da ƙane wanda ya tafi Makka da ƙafa bai komo ba. Gonakin da ya bari kuwa har yanzu ba a raba su ba, kuma duk cikin zuriyar saura tsohuwa guda wadda ta gan shi da idonta. Ɗan'uwan namu ya yi niyyar zama da ita ya rubuta abin da ta sani, sai wani baffansa ya hana shi, ya ce alfahari da kakanni aikin jahiliyya ne, tonon asali kuma ba ya haifar da komai sai fitina, gara a bar kaza cikin gashinta. Shi ne yake tambaya, wane ne mai gaskiya a tsakaninsu?

To, Malam, muna gode maka. Amsa a taƙaice ita ce, ka yi wa baffanka ladabi, ka fahimtar da shi, sa'an nan ka je wurin tsohuwar nan tun tana da sauran numfashi da hankali. Baffanka ya faɗi rabin gaskiya, kuma za mu zo kanta. Amma ɗaya rabin ya fi nauyi a halin da gidanku yake ciki.

ABIN DA ADDINI YA CE

Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a cikin Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa Ya sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, kana Ya rufe ayar da cewa ɗaukaka a wurinSa tana ga wanda ya fi tsoronSa. Ayar guda ta ɗauki gefe biyu na maganar: sanin asali abin nema ne, fifita kai da shi abin ƙi ne. Imamu Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Sayyidina Abubakar shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, har Annabi ya tura Hassanu ɗan Sabitu wurinsa don ya warware masa ita. Sa'ad da Sayyidina Umar ya kafa littafin rabon dukiyar baitulmali, bisa dangogi ya sa aka jera sunayen mutane. A ƙasar nan tamu kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya kawo asalin danginsu da malaman da ya yi karatu a wurinsu, da yawansu baffanni ne da kawunnai. Ba wanda ya ce waɗannan bayin Allah alfahari suke yi.

A ɗaya gefen, Imamu Muslimu ya ruwaito cewa alfahari da asali da sukar nasabar mutane suna cikin al'amuran jahiliyya da za su daɗe a cikin al'umma. Ya kuma ruwaito cewa wanda aikinsa ya jinkirta shi, nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba. Wannan shi ne abin da baffan mai takarda yake tsoro, tsoronsa kuwa yana kan hanya. Sai dai maganin alfahari shi ne gyara niyya. Jahiltar sunan kaka ba ta taɓa zama tsoron Allah ba.

ZAMANIN DA TSOHON YA RAYU

Ƙasar Rano tsohuwar ƙasa ce. Tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, Sarkinta kuma ana yi masa laƙabi da Autan Bawo. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, ya kai wa Rano, kuma a zamaninsa Wangarawa suka iso Kano da littattafai da addini. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta mai da Rano masarauta mai cin gashin kanta, a 2024 aka rushe wannan doka, aka sake kafa masarautar da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Duk wannan a rubuce yake, domin labarin sarakuna ba ya rasa marubuci. Amma manomin Tarai ko Durba ko Saji ko Rurum, wanda da geronsa aka ciyar da dakarun sarki, da zarensa aka cika marina, in jikokinsa ba su riƙe sunansa ba, ba mai riƙe shi.

Bari mu ɗauki abu ukun nan da mai takarda ya raina, mu ga abin da ke ƙunshe a cikinsu.

Harin Ningawa abu ne sananne. Wajen 1846 Malam Hamza da wasu malamai suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukuma a kan kuɗin ƙasa, suka shiga duwatsun Ningi. Waɗanda suka gaje shi suka shafe fiye da shekara 50 suna kai hari kudancin ƙasar Kano, suna kwasar mutane da dabbobi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, abin kuma bai kwanta ba sai da Turawa suka zo. Saboda haka ne mutanen karkara suka riƙa taruwa cikin garuruwa masu ganuwa da kafi, ko su raɓu da duwatsu. Ke nan yaron da aka goya aka gudu da shi, an haife shi kafin 1903. In tsohuwar ta tuna garin da aka gudu daga cikinsa da wanda aka fake a cikinsa, an sami kufan gidan na asali, wataƙila kuma a sami dangin da suka tsaya can ba su komo ba.

Mutumin da aka haifa a wannan tsakani ya ga abubuwa da yawa. Da ƙuruciyarsa aka yi Basasar Kano, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, bayan Yusufawa sun fice sun yi sansani a Takai. A farkon Fabrairu 1903 rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji, maƙwabciyar Rano, ranar 3 ga watan ta shiga Kano. Da ƙarfinsa jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama abin neman kuɗin haraji, malaman taki suka shiga gonaki suna awo. Ya sha yunwar 1914, wadda ta biyo bayan farin 1913, in ya yi tsawon rai kuma ya ga 'Yar Buhu a 1927 da 'Yar Gusau a 1942. Ya yi zamani da Sarki Alu da Abbas da Usman da Abdullahi Bayero. Tsofaffinmu ba su riƙe shekarun Turawa ba, amma sun riƙe waɗannan. In ka tambayi tsohuwa shekarar da aka haifi wane, ba za ta sani ba. In ka ce mata, kafin 'Yar Gusau ne ko bayanta, nan take za ta gaya maka, har ta ƙara da wanda aka yaye a shekarar.

Batun ƙanen da ya tafi Makka kuwa, kafin jirgin sama alhazanmu ta ƙasa suke bi, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna noma da ƙodago, tafiyar ta ɗauki shekaru. Da yawa sun zauna a Sudan ko Hijaz, sun yi aure sun hayayyafa. Bayan yaƙin Burmi a 1903 ma jama'a masu yawa sun bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu. Ba mamaki mai takarda yana da 'yan'uwa na jini a can, masu haƙƙin zumunci a kansa, mai yiwuwa har da haƙƙin gado a gonar kakansu na sama.

Rijiya kuma, ai ita ce babbar magana. Annabi ya bayyana cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Mutumin da ya haƙa rijiya ana sha shekara da shekaru bayan ransa, ya bar abin da sarakuna da yawa ba su bari ba. Ya kamata yaran gidan su san wanda ya haƙa ta, su riƙa yashe ta suna gyara bakinta, su kuma san cewa a gidansu ana yin irin wannan aiki.

INDA SHARI'A TAKE BUKATAR SUNAYE

Malamai sun kafa ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Akwai hukunce-hukunce uku da ba su tsayuwa sai an san wane ya haifi wane.

Na farko gado. Allah da kanSa Ya raba shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, a aya ta 7 kuma Ya tabbatar da cewa mata suna da rabo kamar yadda maza suke da shi, dukiyar ta yi kaɗan ko ta yi yawa. Al'adar gandu, inda 'ya'ya maza ke ci gaba da noma tare a ƙarƙashin babban wa bayan rasuwar uba, ta taimaki mutanen da, ta riƙe gidaje a lokacin yunwa. Amma ta bar baya da ƙura. Ga misali: mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ba mata, ba iyaye. Gonarsa kashi biyar ce, kowane namiji biyu, mace ɗaya. Macen tana aure a wani ƙauye, kunya ta hana ta magana, ana aika mata damin gero da kaka, shi ke nan. Ta rasu ba a raba ba. Kashinta bai mutu tare da ita ba, ya koma kan mijinta da 'ya'yanta, in su ma suka rasu ya koma kan nasu magada. Wannan shi malaman fara'ili ke kira munasaha, watau mutuwar magaji kafin rabo, kuma ba a iya lissafinta sai an san sunan kowane mamaci, da wanda ya riga wani rasuwa, da waɗanda kowa ya bari. Bayan zuriya uku, sai ka tarar mutane suna salla suna azumi, suna ci daga gonar da ɗaya bisa biyar ɗinta na wasu ne waɗanda ko sunansu ba su sani ba. Buhari da Muslimu kuwa sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi guda na ƙasa da zalunci, za a rataya masa ita a wuya tun daga ƙasa bakwai.

Wani zai ce ai an daɗe, hauzi ya hau. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a ke bi, wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki a cikinta, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba alhali ba abin da ya hana shi, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Amma tsakanin dangi ana tsawaita wa'adin har wajen shekara 40, saboda an san 'yan'uwa suna kawar da kai ga juna. Sa'an nan hauzi ba ya hawa kan abin da aka karɓa aro ko jingina ko amana. Nan ne maganar tsohuwa take da daraja, domin ita ta san cewa fadamar can jingina ce aka karɓa shekarar yunwa, gonar bakin rafi kuma aro aka ba wani baƙo. Malikiyya suna karɓar shaidar ji, watau abin da ya yaɗu a bakin amintattu, a kan nasaba da mutuwa da wakafi. Bayan wannan duka, Annabi ya yi gargaɗi cewa wanda aka yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya magana, guntun wuta aka yanka masa. Hukuncin alƙali yana kashe ƙara, ba ya halatta haram.

Na biyu aure. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta uwar da ta shayar da mutum da 'yar'uwarsa ta shan nono, hadisi kuma ya nuna cewa shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa. A Malikiyya, kamar yadda yake cikin Risala, ko tsotsa ɗaya ce ta isa cikin jariri a shekara biyun farko, ta haramta. A ƙauyukanmu na da, in mace ta rasu wurin haihuwa ko nononta ya ƙafe, kishiya ko matar wa ko maƙwabciya ce ke ɗaukar jaririn. Ba a rubuta wannan a ko'ina, yana cikin kan tsofaffin mata. Mu kuwa mutane ne masu auren zumunci. Buhari ya kawo labarin Uƙubatu ɗan Harisu, wanda ya yi aure, wata mace ta zo ta ce ta shayar da shi da matar, Annabi ya umarce shi ya rabu da ita. Gara a sani kafin a kai kuɗin gaisuwa da a sani bayan an haifi 'ya'ya.

Haka kuma batun riƙo. Mun saba a ba wa gwaggo ko baffa yaro tun daga yaye, ya tashi ana kiransa da sunan mai riƙonsa, har takardun makaranta su tafi a haka. Riƙo alheri ne mai lada, amma ba ya sa gado, ba ya kuma sauya uba, Suratul Ahzabi aya ta 5 ta yi umarni a kira 'ya'ya da sunan ubanninsu. In ba a rubuta ba, bayan shekara 50 sai a ba wanda ba shi da rabo, a hana mai rabo.

Na uku zumunci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi ko akwai sauran biyayya ga iyaye bayan rasuwarsu, ya amsa masa da cewa akwai: yi musu addu'a, da nema musu gafara, da cika alkawarin da suka ɗauka, da sada zumuncin da ba a same shi ba sai ta hanyarsu, da girmama abokansu. Yaya mutum zai sada zumuncin da bai san da shi ba? Yau zuriyar manomi guda ta warwatsu, wasu suna Kano, wasu Kaduna, wasu Ikko, wasu sun koma noman rani a Kadawa tun bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta san hanyarsa ba.

IN AKA TONO ABIN DA BA A SO

Yanzu sai mu koma ga tsoron baffa. Mai bin tarihin gidansu a kudancin Kano zai iya tarar da cewa kakansa Bamaguje ne ya musulunta, ko an kamo shi a yaƙi ya zauna a rinji, ko ya fanshi kansa da murgu. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901, ba a kuma soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936, saboda haka abin bai yi nisan da za a ce ba a tuna shi ba. To, wanda ya tarar da haka a gidansu kada ya sunkuyar da kai. Kakan da ya bar tsafi ya kama salla, shi ya buɗe wa zuriyarsa ƙofar alheri, duk sujadar da suka yi yana da rabo a ciki in Allah Ya so. Sahabbai kansu 'ya'yan masu bautar gumaka ne. Bilalu da Salmanu sun ɗanɗana bauta, ga shi kuwa har yau muna neman yardar Allah a gare su.

Wanda kuma ya ji irin wannan game da gidan maƙwabcinsa a bakin tsohuwa, amana ce, ya riƙe bakinsa, kada ya sa a takarda. Sa'ad da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, Annabi ya gaya masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. An kuma hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, zagin kuwa rayayyu yake cutarwa. Aure nawa aka fasa a ƙasar nan saboda gorin asali, alhali yaron mai addini ne mai sana'a?

Akwai kuma kishiyar wannan cuta. Wasu in sun tashi rubuta tarihin gidansu sai su yi ta jan salsala har sai sun dangana da Sharifai ko wani babban gidan sarauta, ba hujja ba shaida. Buhari da Muslimu sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya danganta kansa ga wanin ubansa yana sane. In salsalarka ta tsaya a kaka na huɗu, manomi mai jaki biyu, tsaya a nan, ka yi masa addu'a.

MISALI DAGA ƘASAR KANO

Domin kada a ce labarin talakan ƙauye bai isa rubutu ba, ga misalin Baba mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da na danginta, aka buga shi littafi a Ingila a 1954. Ta faɗi yadda kakanninta Barebari suka zo suka kafa gida, da gandunsu da rinjinsu, da mahara masu satar mutane, da yadda ake fansar wanda aka kama, da zuwan Turawa, da aure da suna da riƙo. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma yau masana a jami'o'in duniya sun san danginta da sunayensu, alhali masu 'ya'ya goma na zamaninta an manta da su. Abin da ya raba su shi ne, ita an zauna an saurare ta, an rubuta. Abin kunya ne a ce sai baƙuwa ta ƙetaro teku ta yi mana abin da jika zai iya yi a ɗakin kakarsa da dare guda.

YADDA ZA A YI

Shawararmu ga mai takarda da duk mai irin halinsa ita ce, ya fara da tsofaffin mata, don su ne ma'ajiyar haihuwa da yaye da shayarwa da saki. Ya je da goronsa da ladabinsa, kada ya yi gaggawa, ya ɗauki muryar a wayarsa in ta yarda, sa'an nan ya mai da ita rubutu. Ya rubuta 'ya'ya mata da garuruwan da aka kai su aure kamar yadda zai rubuta maza, ya bi dangin uwa kamar yadda ya bi na uba. Ya tambayi kowace gona: saye ce, gado ce, saran daji ne, aro ce ko jingina, wace bishiya ko gamba ce iyakarta. Ya tambayi bashi da wasiyya da alkawarin da mamaci ya bari. Ya duba cikin gafaka da tsofaffin kundaye, domin malaman ƙauye sukan rubuta ranar haihuwa da rasuwa da ajami a bangon littafi. Ya ji ta bakin liman da dagaci da tsofaffin maƙwabta.

Ya kuma yi koyi da malaman hadisi: kowane labari ya rubuta wanda ya gaya masa, da ko ya gani da ido ne ko ji ya yi. In ruwaya biyu suka saɓa, ya rubuta duka biyun, kada ya zaɓi wadda ta fi yi masa daɗi. In ya gama, ya karanta wa manyan gida a taron salla su gyara, a yi kwafi a ajiye a gidaje uku ko huɗu saboda gobara da gara. In rubutun ya nuna akwai haƙƙin wasu a gona, a kira malamin da ya san fara'ili ya yi lissafi, a nemo masu haƙƙi, a ba su ko su yafe da bakinsu da daɗin rai. Yafewar da aka samu ta hanyar kunyatarwa ba yafewa ba ce.

Ga baffan mai takarda kuma muna cewa, Allah Ya saka masa da alheri a kan gudun fitina. Amma ya duba, fitinar da yake gudu tana nan kwance a cikin gonar da ba a raba ba, kuma ranar da tsohuwar nan ta rufe ido, 'ya'yansa da jikokinsa ne za su tsaya gaban alƙali ba shaida. A warware ta yau cikin zaure, manya suna raye, ya fi sauƙi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu, waɗanda muka sani da waɗanda sunayensu suka ɓace mana, Ya yafe musu kurakuransu, Ya sa mu sauke haƙƙin da suka bari a wuyanmu. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan nisabin gero da dawa da yadda ake fitar da zakkar noman rani.